Ba Gara Ce Ta Ci Littafin Kakanki Ba

Assalamu alaikum, Autata Maryama.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, motar Tsanyawa ba ta jijjige miki hanji ba. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da abokan zama na ƙwarai. Na cusa takardar a ƙasan jakarki, ƙarƙashin ƙullin yaji, don na san sai kin nemi yaji za ki gan ta. Kusa da ita akwai wani abu naɗe a tsohon zanena. Kada ki kwance tukuna. Na san ki da ɗoki, amma yau ki daure ki fara jin uwarki.

Ba labarin gida zan ba ki ba, da safen nan kika bar shi. Tambayarki zan amsa. Ran nan kina haɗa kaya kika nuna mini jerin littattafan da aka ce ku karanta a jami'a, kika ce malamai na kiran su manyan littattafai, waɗanda ba sa tsufa. Sai kika ce cikin tsokanarki, "Inna, ke da kika yi digiri a kaskon ƙosai, me ke sa littafi ya ƙi tsufa?" Na ce ki ba ni wuri, ja'ira. To, amsar ina da ita, sai dai tare take da abin kunya, shi ya sa na zaɓi takarda, don ita ba ta da idon da za ta kalle ni.

Kin san baƙin littafin nan na kakanki, Malam Babba, Allah Ya jiƙansa. Da hannunsa ya rubuta shi da boko, tun yana koyar da manya a ajin yaƙi da jahilci. Labarin Jatau ne mai haƙan rijiya, wanda ya haƙa wa garuruwa shida rijiya, alhali matarsa Dela kullum da gammo a ka tana zuwa rafi, don gidansu babu ko ɗaya. Abin da ba ki tarar ba shi ne yadda ake karanta shi. A nan ba a kai gyaɗar iri inji, don inji na fasa ƙwaya. Da hannu ake ɓare ta kafin ruwan farko, kuma aiki ne mai cin rai. To, sai maƙwabta su taru da hantsi a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu, maza a waje, mata a bayan danga, tsofaffi su zauna inda suka ga dama. Hannu na ɓara, kunne na sauraro, kowace rana rijiya ɗaya. Rana ta bakwai ita ce ta rijiyar gidan Jatau, ran nan ko mai ciwon baya sai ya rarrafo. Da kakanki ya rasu, babanki ya gaji karatun.

Ni kuwa ban taɓa zama na ji ba. Ina gindin murhu ina dafa wa masu ɓara dambu, hayaƙi na cin idona, ina jin dariyarsu daga nesa ina tsaki. Haushin littafin nan nake ji, wallahi, kamar shi ya ɗora mini tukunya.

Shekarar da nake goyon ki, wata safiya takardar naɗe ƙosai ta ƙare mini. Ga masu saye sun yi layi, ga mai na ƙonewa, ga ki kina tsala ihu a baya. Na faɗa ɗakin babanki na buɗe adakarsa. Na ga takardu masu rubutun Larabci, na janye hannu da sauri, wa zai taɓa waɗannan? Sai na ga baƙin littafin. Na ce a raina, ai wannan boko ne, ba sunan Allah a ciki, takarda ce kawai kamar ta buhun siminti. Na juya bayansa, don a tunanina ƙarshen abu shi ne rararsa, kamar gezar zane. Na yage ganye huɗu. Washegari na ƙara, jibi ma na ƙara. Ganye goma sha biyu, Maryama, rijiya ta bakwai cur, na naɗe wa mutane ƙosai da ita har da barbaɗa yaji.

E, ni ce. Ba gara ba ce. Rufe bakin kada ƙuda ya shiga.

Shawarata ta fari daga nan ta fito. Kada ki raina abin da ba ki zauna kin ji ba. A can za ki haɗu da littattafai masu tsohon bango da wari irin na rumbu, da waɗansu na mutanen da ba yarenku ɗaya ba, ba addininku ɗaya ba. Kafin ki ce ba komai a ciki, ki ba shi zama uku. Ni zama ɗaya ban ba shi ba na yanke masa hukunci.

Da lokacin ɓara ya zo babanki ya ɗauko littafin, na ga fuskarsa ta canza. Ya ce, "Hajara, me ya sami littafin Baba?" Bakina ya riga hankalina, na ce, "Gara ce, Malam." Har na riga na shafa jar ƙasa a gindin adakar don ƙaryar ta zauna. Adakar ƙarfe fa! Garar da ke huda ƙarfe ta zaɓi babi ɗaya ta ci, ta bar gefen takarda a miƙe kamar an sa wuƙa. Babanki ya dubi adakar, ya dube ni. Can ya ce, "To, Allah Ya shirya garar nan." Na ce amin da ƙarfi, ko kunya babu.

Shekarar nan ya karanta rijiya shida ya rufe littafin. Mutane suka yi ta roƙo ya faɗi sauran da ka, ya ce muryarsa ba za ta iya ba. Shekarar da ta biyo bai karanta ko ɗaya ba. Aka kawo rediyo gindin tsamiya, amma rediyo ba ya dakatawa a yi gardama, ba ya maimaita wurin da aka yi dariya. A hankali taron ya watse, kowa ya koma ɓarar tasa a gida, waɗansu suka haƙura suka kai inji. Ina gani, na san ni na watsa shi, na yi shiru shekara goma sha tara. In kin yi ɓarna, 'yar nan, ki faɗa ran da kika yi ta. Ran nan kunyar ta yini ɗaya ce. Tawa na goya ta tare da ke, ke kika sauka kika yi tafiya, ita ta ƙi sauka.

Kina aji uku na firamare na shiga ajin matan aure na koyi boko, don na gaji da a riƙa karanta mini takardar asibiti. Da idona ya buɗe, wayyo, sai na zama kamar akuyar da aka kwance a gonar wake. Duk ranar kasuwa sai an karɓo mini littattafan haya, sababbi fil, masu hoto a bango. Na karanta sun fi a ƙirga, har tuwo na sha ƙonawa. Ba zan zage su ba, su suka saba mini da karatu, kuma akwai masu kyau a ciki. Amma yawancinsu ƙosai ne, da zafinsu suke da daɗi. Bayan mako guda ki tambaye ni sunan yarinyar da na yi wa kuka, sai in yi ta sosa kai. Tsofaffin littattafan babanki na makaranta guda uku kuwa, da baƙin littafin, ko kallo ba su ishe ni ba. Na ce na mutanen da ne.

Ke kika karya mini wannan girman kan. Kina shekara goma sha biyu kika tono baƙin littafin, kika kwanta rub da ciki a kan tabarma kwana biyu, aike ma sai na yi kira uku. Sai ga ki a gindin murhu da hawaye shaɓe-shaɓe, kina cewa, "Inna, ya samu ruwan? Dela ta huta?" Na ce gara ta cinye, ki tashi ki ba ni wuri. Na fizge littafin na kulle a adaka na ɓoye makulli, don ganin sa a hannunki na ƙona mini zuciya. Wannan ma kuskure ne, kuma ki riƙe: littafin da aka kulle bai fi wanda aka yaga ba, duka biyun ba mai karanta su.

Amma tambayarki ta hana ni sakat. Da kuka tafi makaranta na buɗe na fara karantawa. Shafin farko na ci karo da sunan Allah, ga shi nan da boko, baƙi a kan fari. Na ce astagfirullah, ashe abin da na naɗe ƙosai da shi ke nan. Na ci gaba, sai ga ni a ciki. Dela tana hura wuta tana jin ana yabon mijinta a waje, tana tsaki. Na ce la ilaha illallahu, tsohon nan leƙe yake yi mini? Alhali ya rubuta tun ba a haife ni ba. Na sake karanta shi shekarar da innata ta rasu, sai na ga ashe labarin haƙuri ne. Na sake shekarar da gero ya ƙi, sai na ga labarin taurin kai ne, na yi ta dariya ni kaɗai a inda Jatau ke rantsuwa ƙasa ce ke masa rowa. Rubutun bai canza ba, ni ce nake canzawa, shi kuma kullum yana da abin da zai ce da wadda na zama. Na gwada littattafan babanki ukun nan, biyu suka yi mini haka, ɗaya bai yi ba, ko da yake shi ya fi kauri. To, ga ma'auni na ba ki kyauta: kada ki ce littafi babba ne don malami ya faɗa, ko don ya tsufa. Ki ajiye shi shekara biyu ki koma. In ya gane ki, ki riƙe shi.

Duk da haka duk karatun da na yi a bakin rami yake tsayawa. Jatau ya tsufa, ya ɗauki dagi zai haƙa ta gidansa, ya kai zurfin gaba biyar ya ci karo da dutse, sai gefen takarda a yage. Ni da na yage ban san ƙarshen ba. Akwai horon da ya fi wannan?

Bana, da kika tafi birni wajen yayarki shirin jarrabawa, na ce ko ni ko rijiyar nan. Na sayi littafin rubutu da biro biyu. Sai na sake yin wauta: na ce abin littafi sai mai ilimi, na nufi gidan tsohon hedimasta. Ya karɓe ni da mutunci, ya gyara tabarau, ya ce lalle aikin Malam Babba na ƙunshe da darussa masu yawa. Ya yi mini bayani har azahar. Na ce, "Ranka ya daɗe, Jatau ya samu ruwan?" Ya ce wannan kam ya shige masa.

Ina dawowa rai a ɓace na biya gidan Gwoggo Tabawa, ƙanwar kakarki, in sha ruwa. Ta ga ina haki ta ce, "Sannu Dela, aje gammon, dutse ba ya jin zagi sai diga." Na ce, "Gwoggo, ina kika samo wannan?" Ta ce, "A rijiya ta bakwai mana, inda Dela ta leƙa ramin tana zagin dutsen." Maryama, maganar nan na ji ta a garin nan ya fi sau ɗari, ni kaina na sha faɗa miki ita in kina mita, ban san daga ganyen da na yage ta fito ba. Matar da ba ta san ko "a" ba, haƙori uku a bakinta, ta gyara zama ta zubo mini babin nan har da muryar Jatau. Biro na gudu, tana cewa, "Rubuta da kyau, ba haka Malam ya ce ba." Inda ta manta ta ce in je wurin Baba Ɗanladi na unguwar masu coci, abokin noman babanki, don shi ba ya fashin rana ta bakwai. Shi ya ba ni wurin da mutanen garuruwa shidan nan suka ji labari, suka zo gayya da digoginsu, kowane gari ya karɓi dutsen yini guda. Yana faɗa yana share ido da hularsa. Mako uku ina zaga gari, wannan ya ba ni layi, wancan ya gyara. In kina son sanin girman littafi, kada ki tsaya ga masu sharhinsa kaɗai. Ki duba ko ya sauka daga takarda ya shiga bakin mutane, har suna magana da shi ba su san aro suka yi ba.

Sai ƙarshen ƙarshe ya gagara. Gwoggo ta rantse Jatau ya sha ruwan rijiyarsa. Baba Ɗanladi ya ce sam, ya mutu, shi ya tuna kukan da aka yi a gindin tsamiya. Kowa ya kafe. Na rasa wanda zan rubuta, ga tafiyarki na matsowa, ni kuma na yi alkawari ba za ki bar gidan nan da tambayarki a buɗe ba.

Da lokacin ɓara ya yi, kina can birni ba ki dawo ba, na aika gida gida na ce bana a ƙofarmu za a yi, akwai dambu. Aka taru, har da waɗanda rabon su da gindin tsamiyar nan tun kina goye. Babanki na zaune yana ɓara bai san me na ƙulla ba. Na yafa mayafi na tsaya a bakin zaure, na fara karanta rijiya ta bakwai. Hannuwa suka tsaya cak. Gwoggo ta daka tsawa, "Ku ci gaba da ɓara, da can ma da hannu ake ji?" Aka kwashe da dariya. Ina karantawa bakuna na motsi tare da ni, in na yi tuntuɓe mutum biyar su ɗaga ni. Da na iso inda dutse ya fashe na tsaya, gardama ta kaure, masu ya sha da masu bai sha ba, har Baba Ɗanladi ya miƙe tsaye yana nuna Gwoggo da ɓawon gyaɗa.

Nan na ji ba zan iya ƙara ko minti ɗaya da kayan nan ba. Na ce, "Jama'a, ku saurara. Ba gara ce ta ci littafin Malam Babba ba. Ni ce na yage na naɗe ƙosai. Malam, ka yafe mini." Hawaye ya wanke mini fuska.

Babanki ya miƙe. Ya kakkaɓe rigarsa ya shige gida. Na ce shi ke nan, yau na ga ta kaina. Sai ga shi ya fito da gafakarsa, jakar fatar da yake ajiye Alƙur'ani. Ya zaro wata takarda a ninke, mai ya ratsa ta har ana ganin haske ta cikinta, ga jan yaji a gefe. Ya ce, "Shekara goma sha tara ke nan Ɗanladi ya sayo mana ƙosai ya kawo gona. Na kai na uku baki na ga rubutun Baba. Ganyen ƙarshe ne. Na bi gari neman sauran, an riga an hura wuta da su." Baba Ɗanladi ya ce, "Wallahi na manta da ita, ni dai na tuna ƙosan ya yi daɗi." Na ce, "Malam, ka sani duk shekarun nan ka yi shiru?" Ya ce, "Ai na roƙa wa garar shiriya, ke kika ce amin. Jira nake addu'ar ta karɓu."

Ya miƙo mini takardar ya ce, "Ke kika haƙo har nan, ke za ki ɗebo." Na karanta da muryar da ban san ina da ita ba. Ruwa ya ɓuɓɓugo, Dela ta zura guga ta jawo na fari, ta kai wa Jatau inda yake kwance a inuwa. Ya sha, ya ce ashe na gida ya fi sanyi. Sai Dela ta warware gammonta, tunda ta gama da shi har abada, ta yi masa matashin kai, a kansa ya cika. Gwoggo ta ce, "Ban faɗa ba? Ya sha!" Baba Ɗanladi ya ce, "Ni ma ai na faɗa!" Mata suka rangaɗa guɗa daga bayan danga, maza na kabbara, tsofaffi na kuka suna dariya. Ran nan buhu huɗu muka ɓare kafin la'asar. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar nan ba, ko ranar da na haife ki, don ran nan na sha wuya.

To, ga amsarki, ke mai jami'a. Kowace kaka ana cin gyaɗa a sayar da gyaɗa, amma akwai wadda ake warewa a ce wannan iri ce, a ɓare ta da hannu don kada ta fashe. Babban littafi shi ne wanda mutane suka ware da kansu, ba wanda ya umarce su. Na yage shi, na yi masa ƙarya, na kulle shi, aka daina karanta shi shekara goma sha tara, da na nema sai na tarar da shi a raye a cikin mutane. Duk littafin da ke cikin jerin nan naku, ki tambaye shi: in aka yage ka, akwai garin da zai taru ya mayar da kai?

Yanzu kwance zanen. Baƙin littafin ne, babanki ya ce ke za ki riƙe. Ganye goma sha ɗaya na baya rubutuna ne, kamar kaza ta yi tonon ƙasa, kada ki yi mini dariya. Na goma sha biyu na kakanki ne, da mansa da yajinsa, na ɗinke shi da zaren da nake ɗinkin katifa. Ki buga shi a na'urarku ya zama yana da 'yan'uwa, kada ya sake zama guda ɗaya a hannun mace mai gaggawa. Ki ba ƙawayenki aro, amma ki san ɗakin da ya kwana. Kuma duk inda kike, in kin ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ki nemi hutu ki taho da shi. Gwoggo ta ce baɗi muryarki take son ji, kuma kin san shekarunta, kada ki sa ta jira.

Kin tambaye ni kina shekara goma sha biyu na kore ki. Ki yafe mini, Auta. Ya samu ruwan. Dela ta huta.

Allah Ya tsare mini ke daga sharrin hanya da na mutane, Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya kai ki lafiya Ya dawo mana da ke lafiya. Babanki na sa miki albarka. Ƙosan guzurinki kuwa kin ga a kwano na zuba, na tuba.

Wassalam. Ni ce mahaifiyarki Hajara, wadda tun ranar nan babanki ba ya kiran ta da kowane suna sai Gara.